Wata ɗaya a New York, daga wannan taro zuwa wancan

Tun da na dawo mutane suke damuna da tambaya, wai ya Amurka, ka ga dogayen benaye, ka ga gunkin nan mai riƙe da fitila, ka ga ƙanƙara? To ƙanƙara dai ban gani ba don a tsakiyar zafi na je, zafin ma mai danshi irin na Legas, benayen kuwa kwana biyu suka ishe ni kallo. Abin da ya tsaya min a rai daban ne, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta.

Yayata ce ta gayyace ni, shekararta 19 a can, ita da mijinta da yaransu uku a Bronx. Maganar biza ba zan ja ta ba, dala 160 na biya lokacin kafin a mayar da ita 185, na yi wata da watanni ina jiran ranar intabiyu, intabiyun kuma bai kai minti uku ba. Na je Wapa na canjo dala 700, kowace ɗaya tana neman naira 900, ina ƙirga su gabana yana faɗuwa. Ranar 9 ga Agusta 2023 na tashi daga Kano ta Alƙahira, sati biyu kenan cif da juyin mulkin Nijar, sojoji sun rufe sararin samaniyarsu don haka jirage sai sun yi zagaye. Daga Alƙahira zuwa New York kuma awa goma sha ɗaya da wani abu mutum na zaune guri guda, ƙafata har kumbura ta yi.

A filin jirgin JFK layi ne kamar na mai. Jami'in shige da fice ya ɗauki hoton yatsuna, ya tambaye ni gurin wa na zo, kwana nawa, me nake yi a gida, nawa ne a aljihuna, sannan ya ce na zo da abinci? Da ma Yaya ta ja min kunne tun daga gida cewa ko ƙyallin kilishi kada in saka a jaka, nama ba ya shiga, kuma duk abin da na ɗauko in faɗa da bakina. Na ce akwai kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Aka tura ni wani tebur, wata jami'a ta buɗe ƙullin daddawar, wallahi sai da ta ja baya taku biyu, ta tambaye ni wannan ci ake yi? Na ce miya ake yi da ita. Ta yi dariya ta ƙulle ta miƙo min.

Alhaji mijin Yaya ne ya zo ɗaukata da tasin da yake ja. Tun kafin mu hau gada ya fara min huɗuba: ka riƙe wayarka da kyau, kada ka kalli mutum cikin ido a jirgin ƙasa, sannan ka yi hankali da baƙaƙen nan 'yan asalin ƙasar, ba irinmu ba ne, ba su san dangi ba, ba su san babba ba. Akwai ma wani suna da 'yan Najeriya suke kiransu da shi wanda ba zan rubuta ba don ba na mutunci ba ne. Ni kuwa na gyaɗa kai, don gaskiya abin da ke kaina kenan nima, duk abin da na sani a kansu daga fim ne, bindiga da wando a ƙasan ɗuwawu.

Gidan ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyar, dala 1,900 haya duk wata, ni a kujerar falo nake kwana. Unguwar cike take da mutanen Gana 'yan zango da 'yan Nijar, Hausa ake yi a bakin masallaci da shagon aski kamar ba a bar gida ba, sai dai Hausar Kumasi sai ka kasa kunne da kyau. Lokacin ba abin da ake musu a kai sai Bazoum da ECOWAS. Abinci bai ba ni wahala ba, ga tuwo a gida, in na fita ga masu amalanken halal, shinkafa da kaza dala 9. Abin da ya ci min tuwo a ƙwarya shi ne farashin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba, sai an ɗora haraji kusan kashi 9 cikin ɗari, in gidan abinci ne na zama kuma ga tukuicin mai kawo abinci, wanda ba doka ba ce amma in ka ƙi ka zama mara kunya.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata dattijuwa ce mai shekara 78, baƙar Ba'amurkiya, tsohuwar malamar firamare. A Harlem, shahararriyar unguwar baƙaƙen fata ta New York, aka haife ta, tsadar haya ce ta koro ta Bronx, amma cocinta da ƙawayenta da mai gyara mata gashi duk suna can. Ita ta riƙa riƙe wa Yaya yara lokacin suna ƙanana in ta tafi aikin dare, yaran Kaka suke ce mata, wannan kuma Alhaji bai saka shi a huɗubarsa ba. Na shiga gaishe ta na ɗan rusuna na ce Mama ina wuni, ta ce yau shekara nawa rabon da wani ya rusuna mata. Da ta ji cewa ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu a gida, sai ta tashi ta ciro wata kalanda a jikin firij, duk ranakun an zagaye su da jan biro, ta ce ɗana, in taro kake so ka gani ka zo a daidai. Tun daga ranar ita da 'yar Yaya ta fari mai shekara 16 suka zama 'yan jagorata.

Juma'ar farko a Harlem na yi ta, a masallacin Malcolm Shabazz da ke layi na 116, mai koriyar ƙubba. Gurin ne da can ake kira masallaci na 7 na ƙungiyar Nation of Islam inda Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, ya yi jagoranci, kafin ya bar su ya je Hajji a 1964, a shekarar ma ya zo Najeriya, aka harbe shi ranar 21 ga Fabrairu 1965. A sahuna akwai Basenigale da ɗan Gini da wani dattijo baƙin Ba'amurke da farin gemu, shi ne bayan sallama ya sayar min da wata waina mai zaƙi da ake yi da farin wake, dala 4, ya ce tun yana saurayi Musulminsu suka shahara da ita. Wake da sukari, na ce wannan ai ɓarna ce, sai ga shi na koma na ƙara biyu. Kusa da gurin akwai kasuwar 'yan Afirka, atamfa da shadda da man kaɗanya da ganguna, tun 1994 da aka tashi masu kasa kaya daga layi na 125 aka dawo da su nan. Abin da ya sosa min rai samari ne sababbin zuwa daga Senigal da Muritaniya da Gini, waɗanda suka biyo ta Nikaraguwa suka keto Meziko, suna tsaye cirko-cirko a bakin shaguna da jakunkuna a baya, ba aiki ba gurin kwana, wasu a masallatai suke kwana.

Ranar nan kuma ashe ita ce cikar shekara 50 da haihuwar hip-hop, ga gidan da abin ya faru a Bronx, lamba 1520 titin Sedgwick. 'Yar Yaya ta ce Kawu dole mu je. Ni ba ma'abocin waƙoƙin nan ba ne, amma labarin ya burge ni: ranar 11 ga Agusta 1973 wata yarinya tana neman kuɗin kayan komawa makaranta ta haɗa fati a ɗakin taron gidan hayarsu, mata su biya santi 25 maza santi 50, yayanta DJ Kool Herc ɗan Jamaika ya saka faifai. Shi kenan fa. Abin da yau ake juya biliyoyin daloli da shi, har yaranmu na Kano suke kwaikwayo, daga ɗakin taron talakawa ya fito. Ginin ba wani abin kallo ba ne, jan bulo kawai, amma na ga tsofaffi da sanda suna ɗaukar hoto a gabansa.

Asabar ta biyu ita ce ranar da na ji kunya. Akwai wani lambu a Harlem da aka saka wa sunan Marcus Garvey a 1973, duk Asabar ta lokacin zafi makaɗa suna haɗuwa a ciki tun 1969. Tun daga nesa kake jin kiɗan a ƙirjinka kafin kunnenka. Mutum kusan talatin sun yi da'ira da ganguna iri-iri, yawanci jembe irin ta Mali da Gini, da manyan ganguna da ake duka da sanda, da caki da kuge, a tsakiya mata da yara suna shiga rawa suna fita, ba mai karɓar ko sisi, ba maroƙi ba liƙi. Na sa kaftanina da hula zanna, ai kuwa nan da nan aka gane baƙo ne daga Afirka. Wani dattijo da ya ce shekara 30 ya yi yana tuƙa bas ɗin gwamnati ya taso da murna, ya zaro wata ganga daga jaka, ina dubawa sai na ga kalangu, kalangu sak da tsarkiyarsa da makaɗinsa. Ya rataya min ya ce ɗan'uwa nuna mana yadda ake yi a gida.

Jama'a, ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa riƙe kalangu ba. Ta yaya zan yi masa bayani cewa a gurinmu kiɗa gado ne, gidanmu gidan malamai ne, da babana zai ganni da kalangu a hammata da sai ya yi sati bai amsa gaisuwata ba? Na ɗan bubbuga, abin ya fito kamar ana dukan bokiti, 'yar Yaya ta sunkuyar da kai tana ƙyaƙyata dariya. Dattijon ya karɓa cikin mutunci, ya matse shi a hammata ya sa ya yi magana, wallahi da a Kano ne da an ce ɗan gidan Sarkin Kiɗa ne. Ya ce a gurin wani Bayarabe ya koya shekara 40 da suka wuce, don kakanninsa an hana su ganga, shi kuwa ya rantse sai ya dawo da ita gidansu. Maganar hanin gaskiya ce, bayan tawayen bayi na Stono a 1739 jihar Karolaina ta Kudu ta yi doka a 1740 da ta haramta musu ganguna. Na tsaya ina tunani, abin da mu muke raina masu yinsa har ba ma ba su aure, ga wanda ya kashe rabin rayuwarsa yana nema. Mama ta ƙara min da cewa wajen 2007 da aka gina sabon gidan masu kuɗi a gefen lambun, sababbin mazauna suka dinga kiran 'yan sanda wai ƙara ta dame su, sai da aka matsar da makaɗan can ciki. Ta ce ka zo ka tarar da mutane shekara kusan 40 suna abinsu, ka ce su yi shiru don ka sayi ɗaki.

Washegari Lahadi 20 ga Agusta ranar Harlem ce, kuma ranar aka ƙara kuɗin jirgin ƙasa daga dala 2.75 zuwa 2.90, na ji mutane suna ta mita a kan santi 15 na ce Allah sarki, ku zo ku ga yadda aka yi mana da fetur a watan Mayu. Bikin tun 1974 aka fara shi lokacin unguwar ta lalace mutane suna gudu, Percy Sutton, wani ɗan siyasa baƙar fata, yana cikin waɗanda suka kafa shi, kwana ɗaya ne da farko yanzu ya fi sati. An rufe layi na 135 gaba ɗaya, dandamali a nan dandamali a can, masu waƙar coci, masu jaz, 'yan rawa, masu zane suna sayar da hotunansu, masu littattafai. Amma ni abin da idona ya kama shi ne teburan da ke tsakanin masu abincin. Wannan na rajistar zaɓe ne, na gaba ana gwada hawan jini da suga kyauta, na gaba lauyoyi ne suna duba wa mutane takardar haya, na gaba jami'o'in baƙaƙe suna neman ɗalibai, na gaba ana raba wa yara jakar makaranta. Kana tauna kifi wata mata za ta tare ka da allo da biro ta ce ka yi rajista? Sau huɗu ana tare ni ina cewa ni baƙo ne. A gurinmu in ka ga an raba jaka a taro to akwai hoton ɗan takara a jiki.

A kan layin ne laburaren Schomburg yake, na koma ranar Talata na shiga, kyauta ne. Arturo Schomburg ɗan Fotoriko ne da ya yi ta tara littattafai da takardu da hotunan baƙar fata, aka saya a hannunsa a 1926 kan dala 10,000, yau abin da ke ciki ya haura miliyan goma. A falon shiga akwai zanen koguna a daɓen ƙasa, a ƙarƙashinsa aka binne tokar mawaƙi Langston Hughes, na zagaye gurin ban taka ba duk da kowa takawa yake.

A gidan wasan Apollo na Harlem kuwa dariya na sha. Tun 1934 aka fara gasar sababbin mawaƙa ta ranar Laraba, a nan Ella Fitzgerald ta ci tana 'yar shekara 17. Tikitina dala 30 da 'yan kai. Kowane ɗan takara sai ya shafi wani kututturen itace kafin ya fara, wai sa'a, in bai iya ba 'yan kallo su dinga ihu har wani mutum ya fito yana rawa ya kore shi daga dandamali. Wani saurayi ko baiti biyu bai kai ba aka yi waje da shi, Mama da nake gani kamila ita ce kan gaba a ihun. Yara ƙanana ne kawai ba a yi wa.

To yanzu ga wanda ya sa na yi wannan rubutun. Asabar ta ƙarshen Agusta Mama ta ce danginsu suna taron shekara, kuma ta riga ta biya mana kuɗin riga ni da 'yar Yaya, ba ta son musu. A babban lambun Pelham Bay aka yi. Mutum sun fi 150, daga Filadelfiya, Ditroit, Atlanta, wasu da bas guda daga Karolaina ta Kudu, kowa da shuɗiyar riga iri ɗaya an zana bishiya a gaba da sunayen kakanni a rassanta. Suna da shugaba, ma'aji, sakatariya, kuɗin wata-wata, har da tallafin karatu da suke ba duk yaron da ya shiga jami'a, ranar an kira yara huɗu an ba kowa ambulan ana tafi. Aka kira wadda ta fi kowa tsufa, 94, aka zaunar da ita a gaba, yara suka yi layi suna zuwa tana shafa kansu. Aka karanta sunayen waɗanda suka rasu a shekarar ɗaya bayan ɗaya. Na tuna huɗubar Alhaji ta cikin tasi, na ce ina ma yana nan.

Abinci kam sai da na yi taka-tsantsan don alade yana shiga inda ba ka zata ba, har cikin ganye. Amma Mama ta riga ta gaya musu, an ware min faranti: soyayyen kifi, ganye da aka dafa da talo-talo, burodin masara, dankali mai zaƙi, da shinkafa da wake. Waken nan fa namu ne, farin wake mai baƙin ido, ga kuɓewa a gefe. Wata mata tana min bayanin kuɓewa wai daga Afirka ta zo, na ce Hajiya akwai busasshiyarta ma a jakata.

Bayan an ci an sha sakatariyar ta baje wata doguwar takarda a kan tebur biyu, salsalar gidan ce. Ta bi da ni daga yaran yau, zuwa iyayen Mama da suka baro Kudu cikin mutum kusan miliyan 6 da suka yi ƙaura zuwa Arewa da Yamma tsakanin 1910 da 1970 suna gudun wariya da kisan gilla, har zuwa wani mutum da matarsa a can sama. Daga nan takardar fara ce fat. Na ce su waye iyayensu? Ta ce nan bangon yake. Ƙidayar 1870 ita ce ta farko da aka rubuta 'yantattun bayi da sunayensu, a ta 1850 da 1860 sai dai a rubuta sunan ubangida, a ƙasa a jera namiji shekara 30, mace shekara 22, ba suna, kamar lissafin awaki. Ta ce shekara 25 tana bin takardun gado da na cinikin gonaki ko za ta samu suna ɗaya tak a bayan wannan layin. Sai ta tambaye ni ni kakanni nawa na sani. Na lissafa mata bakwai a tsaye, har garin da na bakwai ɗin ya taso. Ta ce a ina aka rubuta? Na ce ba a rubuta ba, kakata ce take faɗa. Ta ce kakar tana nan? Na ce ta rasu shekara shida kenan. Ta dube ni ta saman tabarau irin kallon da malamai suke wa yaron da bai yi aikin gida ba, ba ta ce komai ba.

Wani saurayi kuma ya nuno min wayarsa, gwajin DNA ya ce kashi 38 na jininsa daga Najeriya ne, wai in duba fuskarsa in gaya masa ƙabilarsa. Na ce ɗan'uwa ƙabilu sun fi 250, amma da wannan tsayin naka da son naman nan na ba ka Bafulatanin da ya ɓata. Ya yi ta murna yana gaya wa kowa. Ban gaya masa cewa mu ma an yi cinikin bayi a kasuwanninmu ba, kuma har yau akwai gidajen da ake yi wa gori da shi in maganar aure ta taso, na rasa ta inda zan fara.

Cikin satin na je maƙabartar 'yan Afirka da ke ƙasan Manhattan, a 1991 aka gano ta ana haƙa harsashin ginin gwamnati, an ƙiyasta mutum 15,000 aka binne a gurin, an tono 419 aka sake binne su a 2003. Bincike a ƙofa kamar filin jirgi, har bel sai ka cire. Ban daɗe ba, na yi addu'a na fito.

Ranar ma'aikata ta Amurka, Litinin 4 ga Satumba, na yi gangancin zuwa jerin gwanon 'yan Karibiyan a Eastern Parkway da ke Brooklyn ni kaɗai. Yaya ta ce kada in je, na ƙi ji. Manyan motoci ɗauke da lasifikoki masu girgiza hanji, tutocin Jamaika da Tirinidad da Haiti, gangunan ƙarfe da aka yi da durom, fuka-fukai masu kyau kamar ɗawisu, amma shigar matan kam sai dai a ce a'uzubillahi, na rasa inda zan ajiye idona, ga warin wiwi ko'ina don tun 2021 aka halatta ta a jihar. 'Yan sanda sun gindaya ƙarafa, in ka fita ta nan ba ka dawowa ta nan, cajin wayata ya ƙare, na yi awa biyu ina bulayi ina neman tashar da ba a rufe ba. Wata tsohuwa 'yar Haiti da ke sayar da ruwa ce ta sa jikanta ya raka ni har bakin matakala. Na dawo gida Yaya ta kalle ni ta ce wanda bai ji bari ba, ta tafi ta ɗumama min tuwo.

Na ƙarshe shi ne wanda ya shafi aikina. Birnin yana da kwamitocin unguwa 59, kowanne mambobinsa ba sa wuce 50, ba a biyansu, shugaban gunduma ne yake naɗa su, kuma shawara kawai suke bayarwa ba su da ikon zartarwa. Suna hutu a Yuli da Agusta, don haka zaman farkon Satumba na Harlem ta tsakiya ya cika. A ƙofa aka ba ni ajanda da bayanan zaman baya a buge. Duk mai son magana ya rubuta sunansa, minti biyu ne, akwai mai riƙe da agogo, in ya cika an katse ka ko kai waye. Na ga an katse wakilin wani ɗan majalisa a tsakiyar jimla, ya ce na gode ya zauna. Maganar ɓeraye, maganar shara, mai neman lasisin buɗe mashaya ya zo da kansa ana masa tambayoyi kamar a kotu, sai maganar wani sabon bene da za a gina, nan ne gurin ya ɗau zafi, don an ce akwai ɗakuna masu rahusa a ciki, mutane suna ihu rahusa ga wa? Yawancin masu maganar mata ne, tsofaffi, da fayil a hannu. Mama ma ta tashi duk da ba a unguwar take zaune ba yanzu, ta yi minti biyunta a kan fitilar da ta mutu a bakin cocinsu, ta kawo lambar ƙorafin da ranar da ta kai shi. A hanyar dawowa na ce mata Mama tunda ba su da iko me ye amfanin? Ta ce sau da yawa a banza ne, benen ma ƙila a gina shi, amma an rubuta cewa mun ce a'a, kuma fitilar za a gyara don sun san zan dawo wata mai zuwa. Ni dai na tuna namu zaman, a ƙofar gidan mai unguwa bayan isha'i, mutum uku su yi magana sauran su ce haka ne, mace ko ɗaya babu, littafin da nake rubutu a ciki ma tun bara ban san inda yake ba.

Ranar 10 ga Satumba na taso. Mama ta yi ta faɗa wai wane irin mutum ne zai tafi saura sati ɗaya babban faretin baƙaƙen Amurka da ake yi a titin Adam Clayton Powell tun 1969, ta ce jikanyar ƙanwarta tana cikin masu ganga. Na ce tikiti ne Mama, canza shi dala 300. Ta ce to an yafe maka. Ta miƙo min wani littafin rubutu mai baƙin bango, sabo, a shafin farko ta ja layi bakwai da rula ta saka lamba 1 zuwa 7, ta ce kafin jirginka ya sauka. Alhaji yana ƙasa yana ta danna hon, da na shiga mota ya ga shuɗiyar rigar a hannuna ya ce wannan kuma ta mece ce, na ce ta dangi ce. A jirgi na cike shida, na bakwai ya ɓace min ƙememe, sai da na sauka Kano na je Gwale gurin Gwaggo ta tuna min, ta kuma ce na huɗun ma ba haka sunansa yake ba, laƙabi ne na rubuta.